Sawu a Ƙarƙashin Kore

Ranar Talata aka jawo shi tudu a Badore,
aka tokare shi da tsofaffin tayoyi shida.
Jirgin faiba ne.
Ba ya jin ƙusa, ba ya shan kwalta,
ba shi da ƙanshin maɗaci
irin na kwalekwalen babana a Yawuri.

Alhaja Morenike ta buga daɓensa da ƙafa,
ta ce, “Labbo, cire mini fentin nan duka.
Kwana uku, in ga fari ƙal.”
Na ce to. Mai neman aiki ba ya ja da kwana.

Ƙarfe haramun ne a nan.
Fatar faiba kamar ɓawon ƙwai take,
ka matsa wuƙa, ka buɗe wa ruwan gishiri ƙofa.
Sai makankarin roba, sai sanfefa,
sai sinadari mai kaurin koko
da nake shafawa, in rufe da leda,
in zauna ya yi mini rabin aikin.
Warinsa yana ratsa ƙyallen da na ɗaure hanci,
har shayin dare da ɗanɗanonsa yake zuwa.
In ya ci, fenti ya kumbura kamar ƙunar ruwan zafi,
ya yamutse, ya saki.

Na sama shuɗi ne, na Alhaja, na bara waccan.
Ƙarƙashinsa rawaya.
Sewanu ya ce ya san jirgin cikin wannan riga,
yana kwasar ma'aikata daga Ikorodu tun asuba;
ga ma inda takalmansu suka ci hanya guda zuwa mafita.
Sai kore mai taurin kai, an dama shi da yashi
don kada santsi ya kwashi mutum.
Shi ya cinye mini sanfefa goma sha ɗaya
da fatar yatsa biyu.
Wanda ya shafa shi bai yi ha'inci ba:
na zage shi, na dawo na sa masa albarka.

Rana ta biyu ruwa ya sauko, na Legas, marar sallama.
Muka raɓe ƙarƙashin jirgin da burodi da wake,
muna kallon kainuwa tana wucewa ayari-ayari,
robobin lemo na bin ta a baya.

Rana ta uku, bayan la'asar, daf da kujerar matuƙi,
kore ya ɗago, ruwan toka ya fito,
a cikinsa kuwa sawu.
Ƙafar hagu. Yatsu biyar, ƙaramin ya ɗan goce.
Wani yaro ya taka fenti tun yana ɗanye.
Wataƙila ya sha ranƙwashi.
Wataƙila yau da gemunsa, yana tuƙa bas a Oshodi.
Sau uku aka bi ta kansa da burushi,
yana nan inda ya tsaya.

Na ɗora tafina a kai, bai kai rabi da kwata ba.

Kuluwa ta ce ta waya in zo mata da takalmin makaranta.
A Balogun mai kaya ya ce, “Lamba nawa?”
Na gwada masa da hannu
girman da na baro damina biyu da suka wuce.
Ya yi dariya. Na ajiye, na yi gaba.

Na kankare gabas da sawun, na kankare yamma,
na bar shi tsibiri a tsakiyar fari.
Sewanu ya ce, “Malam, rana fa tana faɗuwa.”
Na sani. Kuɗin fari ƙal aka biya,
ba a biya na tsibiri ba.

Na tsinko zare daga bakin buhu,
na auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, na ƙulla,
na sa a aljihu.
Ba ƙafarta ba ce. Na san ba ita ba ce.

Sannan na zuba sinadari,
na rufe da leda,
na tafi alwala.